Sai Masu Gida: Shekara 35 da Kafuwar Kano Pillars

A shekarar 2025 Kano Pillars ta cika shekara 35 da kafuwa. Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin cincirindon Ƙofar Mata ranar wasa, ya ji filin Sani Abacha ya ɗauka da "Sai Masu Gida!", ya san cewa wannan ƙungiya ta daɗe da zama wani ɓangare na rayuwar Kanawa. Ya dace a waiwaya a ga yadda aka kafa ta, da irin 'yan wasan da ta zaɓo har ta yi zamaninta, domin darasin da take bukata yau yana cikin tarihinta.

Kano ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Tun a 1953 tawagar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, kuma a 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta Najeriya. Amma a 1990, da aka buɗe gasar ƙwararru, Kano ta tsinci kanta da ƙananan ƙungiyoyi a warwatse, kowace da 'yan wasanta da magoya bayanta, babu wadda za ta iya ja da manyan ƙungiyoyin Kudu ita kaɗai. Nan Alhaji Ibrahim Galadima da abokan aikinsa suka yi hangen nesa. Suka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bank of the North. Rarrashin mutanen da suka saba hamayya da juna su sa riga ɗaya aiki ne mai wuya, amma Galadima mutum ne mai haƙuri da sanin sirrin ƙwallo, abin da ya kai shi daga baya har kujerar shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Tun ranar farko tsarinsa a fili yake: a tattara gwanayen gida, a ba su ƙungiya ɗaya da duk Kano za ta kira tata.

Ba a je ko'ina ba aka fara ganin amfanin haɗin. A 1991, tana da shekara ɗaya kacal, Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi galaba a kanta. Shekarun da suka biyo baya an sha hawa da sauka, kamar yadda akan gani ga duk ƙungiyar da ke dogaro da aljihun gwamnati. Duk da haka ba ta daina fito da gwanaye ba. Ahmed Garba Yaro-Yaro ya yi tashe a rigarta, Sani Kaita kuma daga nan ya wuce Sparta Rotterdam ta ƙasar Holan a 2005.

Zamanin da Kanawa ba za su manta ba ya soma a 2008, lokacin da koci Kadiri Ikhana ya kawo wa Kano kofin Firimiya na farko. Shekara ta zagayo sai ga Pillars a gasar zakarun Afirka, aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin. Kowa ya ɗauka an gama. Aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje. Daga nan ta jagoranci rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Sai kuma kofuna uku a jere: 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kaɗai suka taɓa yin haka. A tsawon wannan lokaci, kimanin shekara 12 babu baƙon da ya zo Kano ya ci wasan lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon.

Me ya kawo wannan nasara? Pillars ba ta fi kowa kuɗi ba. Abin da ta iya shi ne zaɓen 'yan wasa da riƙe su. Ta tsayar da ginshiƙai 'yan gida waɗanda ba a taɓa su kaka bayan kaka: Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, yana juya tsakiya; Gambo Mohammed yana farautar raga. Koci ya zo, koci ya tafi, su suna nan, sun san filin, sun san abin da rigar ke nufi. A gefensu ta riƙa ɗauko baƙi ba tare da duba yare ko addini ba, irin su gola Theophilus Afelokhai da Reuben Gabriel, wanda yana ɗan Pillars ya shiga tawagar Najeriya ta Stephen Keshi da ta ɗauki kofin Afirka a 2013. Sannan ta buɗe ido a kan yara masu tasowa tun kafin farashinsu ya tashi.

Babban misali shi ne Ahmed Musa. Yaro ne daga Jos, ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS, ya ɗan taɓa wasa a ƙungiyar JUTH, Pillars ta ɗauko shi a 2009. A kakarsa ɗaya ya zura ƙwallo 18, ya kafa sabon tarihi a gasar. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga can CSKA Moscow, daga can Leicester City ta Ingila, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato shi ma ta Kano ya bi kafin ya fita waje ya samo tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a 2018, Esperance ta Tunisiya ta saye shi. Kowane ɗaya cikinsu ya shigo Kano ba a san shi sosai ba, ya fita da suna.

Jarrabawa kuwa ba ta tsallake Masu Gida ba. A 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, wasu suka jikkata. A 2018 ƙungiyar ta yi rashin ɗan bayanta Chinedu Udoji a haɗarin mota a Kano, kuma a shekarar Rangers ta farke ƙwallo uku ta ƙwace kofin Aiteo a Asaba. Pillars ta share hawayenta a 2019, lokacin da koci Ibrahim Musa ya kai ta ga kofin a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Faɗuwa rukuni na biyu a 2022 ta zo ne bayan dogon zaman haya a filayen wasu garuruwa da hukuncin rage maki, kuma cikin kaka ɗaya ƙungiyar ta dawo gurbinta.

Ahmed Musa, wanda ya dawo ya sake sa rigar a 2021 da 2024, shi ne gwamnatin Kano ta naɗa babban manajan ƙungiyar a 2025. Mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙwallo a Turai ya dawo gidan da ya fito da shi, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A bar al'adar kwaso 'yan wasa da yawa duk farkon kaka a sallame su a ƙarshenta. A raya ƙaramar Pillars, a tura masu ido zuwa filayen unguwanni, daga Fagge zuwa Gwale, da ƙananan hukumomi 44 na jihar. A ba yaro kwantiragi mai tsawo, a rubuta kason ƙungiya a duk cinikin da za a yi da shi nan gaba, domin kuɗin da aka samu a kan ɗan wasa ɗaya ya raini goma. A biya albashi a kan kari, a bar koci ya yi shekarun da zai gina abin da ya fara.

Kano garin kasuwanci ne, kuma Allah ya albarkace ta da attajirai. Lokaci ya yi da za su sa hannu, kada a bar wa gwamnati nauyin ita kaɗai. Magoya baya kuma su sayi tikiti, su sayi riga, su kare mutuncin filinsu, domin duk dutsen da aka jefa maki ne ake zubarwa. Galadima da abokansa sun haɗa ƙungiyoyi uku sun bar wa Kano guda ɗaya. Hakkin riƙe ta yanzu yana wuyanmu. Allah ya ɗaukaka Masu Gida.