Yadda Kano ta yi da mawaƙanta, daga 2001 zuwa 2019

Mu Hausawan Fika, kayan shagonmu daga Kano suke zuwa ta hanyar Potiskum, waƙoƙin da yaranmu ke ji ma haka. Don haka duk dokar da aka sa wa mawaƙi a can, ta shafe mu.

A 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Da yawanmu mun yi murna, don akwai waƙoƙin da mutum ba zai iya ji a gaban surukinsa ba. Hukumar ba ta yi zafi sosai ba sai a 2007, zamanin Malam Shekarau, da aka ba Abubakar Rabo shugabancinta. A shekarar ne aka yanke wa Adam A. Zango wata uku a kurkuku kan faifansa Bahaushiya, saboda ya fitar da shi ba a tace ba.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na Aminu Ala, a 2009. Waƙarsa Hasbunallahu addu'a ce, shi da wasu mawaƙa suna kai ƙarar masu takura musu wajen Allah. Babu batsa a ciki, kuma bai kama sunan kowa ba. Duk da haka kotun tafi-da-gidanka ta haramta ta cikin waƙoƙi 11, aka kama Ala aka tsare. To jama'a, in addu'ar wanda yake ganin an zalunce shi ta zama laifi, tarbiyyar wa ake karewa? Mu dai a Islamiyya an karantar da mu cewa babu shamaki tsakaninta da Ubangiji. Kuma hanin bai hana komai ba. Lokacin wayoyi sun shigo, yara suna tura ta ta Bluetooth, wanda bai taɓa jin labarinta ba ma sai da ya nema.

Gwamnati ta sauya, hali bai sauya ba. A Satumbar 2019, ana tsakiyar rikicin Gwamna Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi II, aka kama Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarkin Kano. A takarda, laifinsa sakin waƙoƙi ba izinin hukuma. A bakin kasuwa kuwa, magana ɗaya ake yi: mawaƙin Sarki ne. An ba da belinsa, wata shida bayan nan aka sauke Sarkin.