Koyar da Yaran Firamare Rubuta Manhajar Kwamfuta

Rubuta manhaja shi ne tsara wa kwamfuta umarni daki-daki, cikin harshen da take ganewa, domin ta aiwatar da wani aiki. A matakin firamare, abin da ake so yaro ya iya shi ne kasa matsala gida-gida, da jera matakan warware ta, da gano inda kuskure yake idan aikin ya ƙi tafiya.

Wannan koyarwa ta samo asali ne a Amurka a shekarar 1967, lokacin da Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo domin yara. A cikinsa yaro kan umarci wani ɗan kunkuru ya yi gaba ko ya juya, shi kuwa yana zana layi. Idan ya ce masa ya yi gaba, ya juya dama da digiri 90, ya maimaita haka sau huɗu, sai murabba'i ya fito.

A shekarar 2007 ne ayarin Mitchel Resnick na jami'ar MIT ya fitar da Scratch, inda yaro ke harhaɗa tubala masu launi a allon kwamfuta maimakon buga umarni da haruffa. Kyauta ake samun sa, an yi shi domin 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma akwai nau'insa da ke aiki ba tare da intanet ba. ScratchJr na 'yan shekara 5 zuwa 7 ya biyo baya a 2014.

Ƙasar Estoniya ta ƙaddamar da shirin koyar da yara wannan fanni a 2012, Ingila kuma ta wajabta shi daga shekara biyar a watan Satumban 2014. A Najeriya, tsarin karatun matakin farko da hukumar NERDC ta sabunta a 2012 ya sanya ilimin kwamfuta cikin darasin kimiyya da fasaha.

Babban cikas a makarantu da dama shi ne rashin wutar lantarki da na'urori da ƙwararrun malamai. Sai dai ana iya aza harsashin ko babu na'ura, ta hanyar CS Unplugged, wadda Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan da abokan aikinsa suka tsara. Akan ba yara kati biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, su buɗe wasu su kife wasu. Lamba 13, alal misali, takan fito idan aka buɗe 8 da 4 da 1, kuma da irin wannan buɗewa da rufewa ne kwamfuta ke ƙidaya. Haka kuma wani ɗalibi kan tsaya a matsayin na'ura, 'yan ajinsu su riƙa ba shi umarni har ya kai bakin ƙofa. Wannan darasi ba ya buƙatar komai sai takarda da alli da malamin da aka horar.