Tarihin yaƙi da shan inna tsakanin Nijar da maƙwabtanta

Darasinmu na yau tarihi ne. Za mu duba yadda ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta suka yi fama da cutar shan inna, da dalilin da ya sa har yanzu ma'aikatan lafiya ke yin sallama a ƙofar gidajenku. Ku karanta sannu a hankali. Wanda ya gama, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Mece ce shan inna?

Mutanen da sun ce Inna ce, wata aljana, ke shanye ƙafar yaro. Daga nan sunan ya fito. Likitoci kuwa sun gano wata ƙwayar cuta ce, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana fita cikin kashin yaron da ya kamu. Sai ta shiga ruwa ko abinci, ko ta manne ga hannu, daga nan sai bakin wani yaro. Ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 5.

Yawancin yaran da ta shiga jikinsu ba su nuna wata alama. Cikin yara 200 da suka kamu, kamar 1 ne ke shanyewa. Ku lura da wannan lissafi. In kun ga yaro 1 ya gurgunce a gari, to akwai wasu da yawa da ke yawo da ƙwayar, iyayensu ba su sani ba. In ƙafa ta shanye, babu maganin da ke maido ta. Rigakafi kaɗai ke tsare yaro.

Ƙwayar iri 3 ce: iri na 1, iri na 2, da iri na 3. Tsarin da yaro ya samu daga iri guda ba ya kare shi daga sauran.

Darasin agana

Ku tambayi tsofaffinku, za su nuna muku tabon lamba a dantsensu. Wannan shaidar yaƙi da agana ce. A 1967 ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka fara yi wa jama'arsu lamba tare. Nijar da Nijeriya suna ciki. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a wannan yanki. A 1980 aka shaida ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Wannan nasara ta ba mutane ƙarfin gwiwa. A 1988 ƙasashen duniya suka taru a birnin Janeba, a taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS. Suka yi alkawarin kawar da shan inna ita ma. A lokacin tana gurgunta yara kamar 350,000 kowace shekara, cikin ƙasashe 125. A 1996 shugaban Afirka ta Kudu, Nelson Mandela, ya buɗe gangamin korarta daga Afirka. Daga nan aka shiga bi gida gida, ana ɗiga wa yara ɗigo 2 a baki. Aiki ya yi kyau. A 1999, a ƙasar Indiya, aka ga iri na 2 karo na ƙarshe.

Abin da ya faru a 2003

A 2003 jita-jita ta bazu a arewacin Nijeriya. Aka ce an zuba maganin hana haihuwa cikin ɗigon. Mutane da yawa suka gaskata, domin akwai tsohon ciwo a zukatansu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani kan yara a Kano. Yara 11 sun rasu cikin waɗanda aka yi gwajin da su, maganar ta kai har kotu. Saboda haka jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka tsayar da rigakafin shan inna. Kano ce ta fi daɗewa. Sai a watan Yuli na 2004 ta koma, bayan an gwada maganin da aka kawo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka ga lafiya lau yake.

Wajen shekara guda ke nan yaran Kano ba su samu ɗigo ba. Ƙwayar ta samu fili. To, ku da kanku kun san yadda iyakarmu take. Tsawonta ya kai kamar kilomita 1,500. Mutumin Maraɗi yana cin kasuwar Jibiya. Mutumin Ƙonni yana cin ta Illela. Daga Magarya da Matamaye ana zuwa Daura biki da suna, da goyo a baya. A bakin iyaka ana duba kaya da takarda, amma ba mai iya duba cikin jariri.

Ta haka cutar ta bi hanyoyin fatauci da na aikin hajji. Tsakanin 2003 da 2006 ta koma ƙasashe kamar 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta shiga Cadi, Kamaru, Burkina Faso, Benin, Gana da Sudan. Ta ƙetare teku zuwa Saudiyya da Yaman. A 2005 ta kai har Indunusiya.

Ƙila ku ce, yaya aka san daga inda ta fito? Masana suna duba ƙwayar a ɗakin bincike, su gane zuriyarta, kamar yadda a da ake duba tsagen fuskar mutum a san garinsu.

Haɗin kan maƙwabta

Shugabanni suka gane aikin ƙasa ɗaya ba ya isa. In Nijar ta yi rigakafi yau, maƙwabta suka yi bayan wata 2, yaron da ke kan hanya sai ya kuɓuce wa kowa. Don haka aka tsayar da ranaku ɗaya. A watan Oktoba na 2004 ƙasashe 23 na Afirka suka yi rigakafi tare, don a kai ga yara miliyan 80. A Kano aka buɗe gangamin. Sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin. A 2009 sarakunan arewacin Nijeriya suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi don jawo hankalin iyaye.

A 2006 aka cire sunan Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ke zaune cikinsu. Duk da haka ta riƙa shigowa jefi-jefi daga ƙetaren iyaka. A watan Nuwamba na 2012 ta kama yaro a jihar Tawa, bincike ya nuna zuriyar ta arewacin Nijeriya ce. A cikin wannan wata kuma aka ga iri na 3 karo na ƙarshe, a jihar Yobe.

A 2016 cutar ta sake ɓulla a Barno, inda rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata kaiwa ga yara. Nan take Nijeriya, Nijar, Cadi, Kamaru da Afirka ta Tsakiya suka tashi tare, suka yi wa yara sama da miliyan 40 rigakafi. Ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Me ya sa ake ci gaba da ɗigo?

Dalili na farko: iri na 1 bai ƙare ba a Pakistan da Afganistan. A 2022 an same shi a Malawi da Mozambik, bincike ya nuna zuriyar ta Pakistan ce.

Dalili na biyu yana son natsuwa, ku karanta da kyau. A cikin ɗigon akwai ƙwaya mai rai, amma an raunana ta. Ita ce ke koya wa jikin yaro faɗa da cutar. Tana fita cikin kashinsa na ɗan lokaci. A garin da kusan duka yara suka samu ɗigo, ba ta samun wurin zama, sai ta mutu. A garin da aka tsallake yara da yawa, sai ta riƙa bi daga wannan zuwa wancan. In ta yi shekara guda ko fiye tana yawo haka, tana iya rikiɗa ta maido ƙarfinta, har ta gurgunta yaron da ba a yi wa rigakafi ba. Yaron da ya samu ɗigo isasshe, shi ya tsira daga gare ta.

Mun ga wannan a gida. A 2018 rikiɗaɗɗiyar ƙwaya ta iri na 2 ta kama yara a Magarya da Tanut, cikin jihar Damagaram. Zuriyarta ɗaya da wadda aka samu a Jigawa. Saboda haka masana suka gyara ɗigon iri na 2, suka yi sabo mai wuyar rikiɗa. A Nijeriya aka fara amfani da shi, a watan Maris na 2021.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan'uwa, tarihin nan ya nuna muna abu guda. Yaron Ɗan Isa da yaron Jibiya lafiyarsu ɗaya ce. In an tsallake ɗaya, an bar ɗayan cikin haɗari. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maigida, in ma'aikata sun yi sallama, fito da yara duka ƴan ƙasa da shekara 5, har da na baƙi da suka kwana gidanka. Uwargida, ko an yi wa yaro a watan jiya, bari a ƙara masa, domin ɗigo sau ɗaya ba ya isa. Ki kai jariri gidan likita a kan lokaci. Ki ajiye katinsa wuri mai kyau, in za ki ƙetare iyaka ki tafi da shi. A wanke hannu da sabulu bayan an wanke wa yaro, a zuba kashinsa cikin masai. In kun ga ƙafar yaro ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ku gaya wa likita ran nan, kada ku jira.

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku ɗauki katin yaranku ku duba da kanku abin da aka rubuta da abin da ya rage. Ku duba wa maƙwabta ma. Allah ya raya muna zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.