Hoto, murya da rubutu: tarihin karatun Ingilishi a Adar

A Tawa, ɗalibi yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, ta hanyar Faransanci, harshen da bai gama laƙanta ba. Haɗa hoto da darasi ya daɗe a Nijar: shirin talabijin na makarantu ya gwada shi a Yamai tun 1964, amma don Faransanci. Canji, a ganinmu, daga kasuwa ya zo. Bayan 1990 finafinan Kano sun shigo ta Ƙonni har ƙauyukan arewacin Adar, daga baya da yawansu ɗauke da fassarar Ingilishi a ƙasan hoto. Kunne na jin Hausa, ido na bin rubutu, babu Faransanci a tsakani. Fassarar takan zo da kurakurai. Malami na iya sa ɗalibai su gyara su a allo.