Tsit na Minti 15: Yadda Talakawan Bask Suka Fuskanci Ta'addanci

A arewacin Sifaniya, dab da iyakar Faransa, akwai wata al'umma mai harshenta da al'adunta, ana ce da ita Bask. A zamanin mulkin Janar Faranko an danne wannan harshe ƙwarai, kuma cikin wannan hali ne waɗansu samari suka kafa ƙungiyar ETA a 1959, da nufin ɓalle ƙasarsu. Ta fara kisa a 1968. Faranko ya mutu a 1975, yankin ya sami ikon tafiyar da harkokinsa a 1979, amma sai kisan ya ƙaru, har a 1980 kaɗai aka kashe mutum fiye da 90.

Abin lura a wannan zamani shi ne shirun jama'a. In an harbe ɗan sanda, ko attajirin da ya ƙi biyan kuɗin da ƙungiyar ke ɗora wa masu hali, sai maƙwabta su kau da kai, a riƙa cewa ai da abin da ya yi. Tsoro ne, amma har da ganin cewa samarin nan 'ya'yan gida ne.

To, a 1986 waɗansu ƙananan ƙungiyoyi a birnin Bilbao, da yawansu matasan coci da 'yan makaranta, suka haɗu suka zama Gesto por la Paz, watau alamar neman zaman lafiya. Aikinsu bai taka kara ya karya ba a ido. Kashegarin duk ranar da aka kashe wani saboda wannan rikici, sai su taru a dandalin unguwa, su yi tsit na minti 15, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Amma fa a ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa, tsayuwar nan ba wasa ba ce, domin wanda ya tsaya ya nuna fuskarsa ke nan ga masu bindiga da magoya bayansu.

Ƙarfin ƙungiyar yana cikin wata ƙa'ida guda: ba ta zaɓen gawa. Ta tsaya wa wanda ETA ta kashe, ta kuma tsaya wa ɗan ETA da ya rasa ransa. Wannan ya jawo mata zargi ta kowane gefe, alhali kuwa shi ne ya hana a ce da ita 'yar koren gwamnati, musamman da yake wata ƙungiyar ɓoye mai suna GAL, wadda manyan jami'an gwamnati suka ɗaure wa gindi, ta kashe mutum 27 tsakanin 1983 da 1987.

A 1993, sa'ad da aka sace wani injiniya, Julio Iglesias Zamora, ƙungiyar ta fito da ɗan ƙyalle shuɗi da ake maƙalawa a ƙirji. Waɗanda suka sa shi sun sha zagi da jifa. Daga baya, a Yuli 1997, ETA ta sace Miguel Ángel Blanco, kansila mai shekara 29 a garin Ermua, ta ba gwamnati wa'adin awa 48 ta mayar da fursunoninta kusa da gida, sa'an nan ta harbe shi. Miliyoyin mutane suka fito kan tituna.

Kuskure ne a ce tsit ɗin nan shi kaɗai ya karya ETA. Kame-kamen 'yan sandan Sifaniya da na Faransa sun yi nasu aikin. Abin da talakawa suka ƙwace daga hannunta shi ne da'awar cewa da yawunsu take kisa. ETA ta sanar da daina faɗa a Oktoba 2011, bayan ta kashe mutum fiye da 800, ta kuma rushe a 2018. Ita kuwa Gesto por la Paz ta rufe kanta a Bilbao tun 2013, da ta ga aikin da ya tara ta ya ƙare.