FAT32 ko exFAT: Yadda katin memori ke iya adana ko salwantar da hujjar da kuka ɗauka

A yau da wuya a yi taron siyasa, ko zanga-zanga, ko ƙidayar ƙuri'a a Chikaji, ko Hanwa, ko Samaru, ba a ga matashi ya ɗaga waya ko kyamara yana naɗar abin da ke gudana ba. Chikaji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a Jihar Kaduna, kuma kamar sauran mazaɓun, abin da ya faru a rumfar zaɓenta yakan dogara ne da wanda ya gani da wanda ya ɗauka. Gani ya kori ji.

Sai dai duk hoton da aka ɗauka da kyamara yana sauka ne a kan wani ɗan kati da bai fi kan sarki girma ba. Idan tsarin da aka shimfiɗa a kan katin bai dace da kyamarar ba, tana iya ƙin karɓarsa, ko ta yanke bidiyo a tsakiya, ko a wayi gari fayil ya ƙi buɗuwa. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai ɗaukar hoto, da ɗalibin aikin jarida, da wakilin jam'iyya, da mai sa ido kan zaɓe su sani.

Mene ne tsarin fayil?

A ɗauki katin memori a matsayin sito a kasuwar Sabon Gari. Hotuna da bidiyo su ne buhunan da ke ciki. Tsarin fayil kuwa shi ne littafin mai sito, wanda ke nuna sunan kowane buhu, da girmansa, da kusurwar da aka ajiye shi. Na'urar da ba ta iya karanta littafin ba, tamkar sito babu komai take ganinsa, ko da kuwa a cike yake. Abin da ake kira fomatin shi ne buɗe sabon littafi.

Tsarin da kyamarori suka fi amfani da shi na gidan FAT ne, wanda kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro a 1977. Daga baya aka sami FAT16, sai FAT32 a 1996, sannan exFAT a 2006. Akwai kuma NTFS na kwamfutocin Windows da APFS na kwamfutocin Apple, amma kyamarori ba sa karanta waɗannan biyun.

Nau'o'in kati huɗu

Kamfanonin Panasonic da SanDisk da Toshiba ne suka kafa ƙungiyar SD Association a shekarar 2000 domin tsara ƙa'idar katin SD. Ƙa'idar ta ɗaure kowane nau'in kati da tsarin fayil nasa:

SD na asali: yana ɗaukar har zuwa GB 2, da tsarin FAT12 ko FAT16.

SDHC, wanda ya fito a 2006: daga sama da GB 2 zuwa GB 32, da tsarin FAT32.

SDXC, wanda aka sanar a 2009: daga sama da GB 32 zuwa TB 2, da tsarin exFAT.

SDUC, wanda aka sanar a 2018: daga sama da TB 2 zuwa TB 128, shi ma da exFAT.

Ƙaramin katin microSD da ake sa wa waya yana bin wannan rabo ɗin daidai. Adaftar da ake zura shi a ciki don ya shiga kyamara ba ta sauya nau'insa, faɗi kawai take ƙara masa.

Dokar dacewa guda ce: sabuwar kyamara tana karanta tsohon kati, amma tsohuwar kyamara ba ta karanta sabon nau'in da ya zo bayanta. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, domin da yawa daga cikin masu ɗaukar hoton biki da suna, da ɗalibai, kyamarar hannu suke saya. Nikon D50 ta 2005 ba ta wuce SD na asali. Canon EOS 500D ta 2009 tana tsayawa a SDHC, yayin da 550D da ta biyo bayanta a 2010 ke karɓar SDXC. Saboda haka wanda ya sayo kati mai GB 64 ya sa wa 500D, ya ga ta ƙi shi, ba lallai ne katin ya lalace ba. Tambarin da ke jikin katin da littafin kyamarar su ne za su raba gardama.

Katangar GB 4

Babban rauni na FAT32 shi ne fayil guda ba ya kai GB 4 cif. Ga hoto wannan ba matsala ba ce. Ga bidiyo kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kyamarar da ke naɗar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin megabait 12.5 kowace daƙiƙa, wato za ta cika GB 4 kafin minti shida. Wadda ke naɗa a kan megabit 24 za ta kai wajen minti 24.

Idan aka kai wannan iyaka, wasu kyamarori kan buɗe sabon fayil su ci gaba, wasu tsofaffi kuma su tsaya cik sai an sake danna maɓalli. Ga mai ɗaukar biki, ɗan giɓi ne. Ga wanda ke ɗaukar jami'in zaɓe yana ƙirga ƙuri'u da ƙarfi a gaban wakilai, wannan giɓi shi ne ƙofar da abokin hamayya zai bi ya ce an yanke wani abu. Tsarin exFAT ya kawar da wannan katanga, ko da yake akwai kyamarorin da ke ci gaba da rarraba bidiyo gida-gida ko a kansa.

Kada a haɗa wannan da tsayawar da kyamarori da dama ke yi a minti 29 da daƙiƙa 59. Wannan ya samo asali ne daga harajin da Tarayyar Turai ta riƙa ɗora wa na'urar da ke naɗar minti 30 ko fiye, a matsayin kyamarar bidiyo. Sauya kati ba ya magance shi.

A ina ya kamata a yi fomatin?

A cikin kyamarar da za a yi aiki da ita. Dalili kuwa, ban da tsarin fayil, kyamarori na bin wata ƙa'ida ta Japan mai suna DCF, wadda aka fitar a 1998. Ita ce ta haifar da foldar DCIM da kowa ke gani a waya da kyamara, da ƙananan foldodi irin su 100CANON ko 100MSDCF, da sunaye irin su IMG_0001 ko DSC_0001. Wasu kyamarorin Sony da Panasonic kan ajiye bidiyo a wata folda daban mai suna PRIVATE. Mutane da yawa sun kwafe DCIM kaɗai, suka goge kati, sannan suka tarar bidiyonsu na can cikin wadda suka bari.

Akwai kurakurai uku da suka fi yawa. Na farko, yin fomatin a kwamfuta tare da zaɓar NTFS ko tsarin Apple, wanda ke sa kyamara ta ce ba ta gane katin ba. Na biyu, cire kati daga waya a mayar da shi kyamara. Tun daga Android 6.0 ta 2015, wasu wayoyi na ba da zaɓin mayar da kati ma'ajiyar cikin waya. Idan aka amince, wayar kan sauya tsarinsa ta kulle shi da lambar sirri, babu wata na'ura da za ta sake karanta shi sai an goge komai. Na uku, tilasta wa kati mai GB 64 tsarin FAT32 don tsohuwar kyamara ta karɓa. Dabarar kan yi aiki a wasu na'urori, amma ta saɓa wa ƙa'idar SD, kuma ba abin dogaro ba ce a ranar da ba za ta maimaitu ba.

Idan dole ne a yi a kwamfuta, SD Association na da manhaja kyauta mai suna SD Memory Card Formatter. Kuma duk lokacin da wata na'ura ta nemi izinin yi wa kati fomatin alhali akwai aiki a cikinsa, amsar ita ce a'a. Sau da yawa na'urar ce ba ta san exFAT ba, katin lafiyarsa ƙalau.

Gudun kati

Dacewar tsari ba ta wadatar ba sai da gudu. Lambobin da ke jikin kati na nuna mafi ƙarancin saurin rubutu da yake iya riƙewa. Lamba 10 a cikin harafin C, ko 1 a cikin harafin U, ko V10, duk suna nufin megabait 10 a daƙiƙa. Lamba 3 a cikin U ko V30 na nufin 30, sai V60 da V90. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, kamar 100 ko 170, galibi saurin karantawa ce, ba ta rubutu ba. Alamar A1 da A2 kuwa ta shafi tafiyar manhajoji a waya. Ga mafi yawan bidiyon 4K na ƙananan kyamarori, V30 ne matakin farko. Kati mai nawa shi ne ke sa kyamara ta dakatar da naɗi da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Jabun kati

Araha ba ta ado. Jabun kati kan zo da ƙaramar ma'ajiya, amma an sauya bayanansa yadda zai gaya wa na'ura cewa shi mai GB 128 ne. Yana aiki daidai har sai ainihin wurin ya cika. Daga nan sunayen fayiloli za su ci gaba da bayyana a jeri, amma abin da ke cikinsu ya salwanta, kuma ba a gane haka sai an zo kallo.

Gwajinsa shi ne a cika shi taf da bayanai a sake karantawa. Manhajar H2testw a Windows, da F3 a Linux da Mac, duk kyauta ne kuma aikinsu ke nan. Mai saye a shagunan PZ ko na Samaru zai iya sharɗanta wa mai shago mayar da katin idan ya faɗi gwajin. A lura cewa kati na gaske mai GB 64 yakan nuna kimanin 59 a kwamfuta. Wannan bambancin hanyar lissafi ne, ba algus ba.

Idan fayil ya ɓace

FAT32 da exFAT ba su da kariyar da ke gyara littafin idan aiki ya katse a tsakiya. Mutuwar batir ana cikin naɗi, ko zare kati fitilar kyamara na ƙiftawa, ko ɗaukewar wuta ana kwafa a kwamfutar tebur, kowanne na iya ɓata shi. Bidiyon MP4 ya fi shiga haɗari, domin galibi sai an danna tsayawa kyamara ke rubuta jadawalin da ake buɗe shi da shi. Akwai kuma ƙwayar cutar kwamfuta da ta yi ƙaurin suna a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye foldodi ta bar gajerun alamu a madadinsu. Tura 'yar makullin da ke gefen katin SD ƙasa kafin a sa shi a baƙuwar kwamfuta na rage wannan haɗari.

Labari mai daɗi shi ne gogewa ko fomatin na gaggawa littafin kawai yake yagewa, buhunan na nan. Abu na farko shi ne a daina ɗaukar komai a kan katin, domin sabon hoto kan hau kan tsoho ne. Manhajar PhotoRec, wadda kyauta ce, takan iya dawo da su, amma a ajiye abin da aka ceto a wani wuri daban. Fomatin mai zurfi da wasu kyamarori ke bayarwa kuwa yana share komai. Wannan ya dace a sani ta fuska biyu: wanda zai sayar da kati, ko zai ba da aronsa bayan ya ɗauki fuskar wani da ya nemi a sakaya sunansa, gogewa kawai ba ta isa ba.

Daga kati zuwa kotu

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da aka yi zargin yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, kuma muhawarar ta koma kan sahihancin bidiyon. Haka lamarin yake ga duk hoton da ya taɓa mai iko: tambayar farko ita ce ina na asalin yake.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi sharuɗɗan karɓar hujjar da ta fito daga na'ura, ciki har da takardar da ke bayyana yadda aka samar da ita da bayanin na'urar da aka yi amfani da ita. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya ba da kwana 21 kacal bayan sanar da sakamako don shigar da ƙarar zaɓe. Babu lokacin neman fayil da ya ɓace.

Don haka, wanda ya ɗauki abu mai muhimmanci, kamar hoton takardar EC8A ta sakamakon rumfa, ya kulle katin ya adana shi yadda yake. Ya kwafi dukkan foldodinsa zuwa wuri biyu ba tare da sauya sunan fayil ba, ya yi duk wani gyara a kan kwafi. Hoto na ɗauke da bayanan Exif, wato samfurin kyamara da rana da lokaci, shi ya sa daidaita agogon kyamara ke da muhimmanci. WhatsApp kan matse hoto ya cire waɗannan bayanai, sai idan an aika shi a matsayin takarda. A kuma tuna cewa hukumar zaɓe ta INEC ta hana shiga da waya ko kyamara wurin dangwala ƙuri'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar aiki, a duba nau'in katin da kyamara ke karɓa, a gwada shi ko na gaske ne, a yi masa fomatin a cikinta, sannan a naɗi bidiyon rabin awa a ga yadda take yi idan ta kai GB 4. Kati biyu matsakaita sun fi guda ɗaya babba, domin idan ɗaya ya lalace, ko ya ɓata, ko aka ƙwace shi, ba duka aikin ne ya tafi ba.