Guntun Gatarinka: Ganuwa, Rumbu da Bindiga a Tarihin Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan 'yar maƙala za ta duba irin goran da kakanninmu suka fafe saboda ranar tsanani, watau kayan da suka tanada domin yaƙi da yunwa da hatsarin hanya, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa shigowar Turawa. Abin da ake so mai karatu ya lura da shi shi ne, bindigar nan da ke fara zuwa zuciyar mutum yau in an ce kare kai, ita ce auta cikin kayan shirin ko-ta-kwana, ita ce kuma ta fi saurin ba da kunya ranar da aka buƙace ta.

Ganuwa da abin da ke cikinta

Babban kayan tsira na Bahaushen dā shi ne ganuwa. Tarihin Kano, wanda ke cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ginin ganuwar Kano, ɗansa Yusa (1136-1194) ya ƙarasa, sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta. A bayanta akan haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta tsiro, ƙofofi kuma kowace da sarkinta mai rufe ta in dare ya yi. Amma hikimar ba a tsayin ginin kaɗai ta tsaya ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda ba gidaje, sai gonaki da kududdufai. Watau in abokan gaba suka kewaye birni, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, akwai inda za a yi noma, akwai ruwan sha, ga kuma Dala inda ake hango ƙurar mahara tun daga nesa.

Ganuwa kuwa ta ƙasa ce, damina na cinta, saboda haka gyaranta aikin gayya ne da kan hau kan jama'a duka bayan ruwa ya ɗauke. Haka nan rumbu. Magidanci ba ya ganin ya shirya sai yana da hatsin da zai kai shi kaka ta gaba, har da ragowa, don kuwa gero in an adana shi da zangarniyarsa yakan yi shekaru bai lalace ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su ma da nasu tanadin: salkar ruwa, da ƙyastu na hura wuta, da gatari, da igiya, da guzurin da ba ya ruɓewa, da kwari da baka. Amma abin da ya fi tsare su shi ne tafiya cikin ayari ƙarƙashin madugu, da jagaba wanda ya san zango da mashigin kowane kogi.

Makaman gida

In aka dubi makamai, za a ga yawancinsu a gida ake yin su. Maƙeri ya ƙera mashi da kan kibiya, a sami kyauro a daji, a ɗaura tsirkiya, a dafa dafi da kwankwani. Tarihin Kano ya ce a zamanin Kanajeji (1390-1410) aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa auduga ce da ɗinki, abin da ƙasar ke da shi a yalwace. Ƙarfin waɗannan makamai ya bayyana a Tabkin Kwatto a 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda galibinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, suka kori dawakin Sarkin Gobir Yunfa.

Zuwan bindiga

Sunan bindiga ma ya isa ya nuna baƙuwa ce. Kalmar daga Larabci ta fito, haka albarushi, haka harsashi. Tarihin Kano ya ambaci bindigogi cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), ko da yake masana da dama suna ganin wannan lokaci ya yi wuri. Abin da ya tabbata shi ne Mai Idris Aloma na Barno ya sami 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16. A Kano an sake ambaton bindiga a zamanin Kumbari (1731-1743), sa'an nan Babba Zaki (1768-1776) ya zama sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa.

To, me ya hana ta yaɗuwa? Da farko, ta baki ake ɗura ta, kafin mai ita ya sake ɗuri ɗan baka ya saki kibiya da yawa. Ba banza ba ake kiran irinta harba-ka-ruga. Na biyu, in albarushi ya jiƙe ta zama sanda. Na uku, ita kanta daga nesa ake kawo ta, ta hamada ko ta bakin teku, kuma duk wanda ke kan hanyar yana iya tare ta. Na huɗu, sarakuna ba sa sakinta ga kowa, bayinsu suke damƙa wa, kamar yadda Joseph Smaldone ya bayyana a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato. Ke nan bindiga ta fi ƙara wa fada ƙarfi a kan ta tsare talaka.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin mayar da baƙuwar nan 'yar gida shi ne Sarkin Damagaram Tanimun (1851-1884), wanda ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a Damagaram. Rabe kuma da 'yan bindigarsa masu horo ya ci Barno a 1893. Sai dai a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Birasil ta ƙasar Beljiyam, suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar mata tsofaffin yayi. Su kuwa suna riƙe da bindigar Maxim mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Faransawa suka ci Damagaram a 1899 duk da igwoyinta. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland, wadda ba ta kai mutum 1,000 ba, ta fasa Kano ta Ƙofar Kabuga cikin yini ɗaya, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. A watan Maris Sakkwato ta faɗi, a watan Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Mazajen ba su gaza jaruntaka ba. Makamin da suka saya ne mai sayarwa ya riƙe wanda ya fi shi.

Bayan yaƙi

Shekara goma bayan haka sai jarrabawa ta zo ta ƙofar da bindiga ba ta tsaronta. A 1913 damina ta gaza, yunwar da ake kira Kakalaba ta kashe mutane masu yawa a 1914 a Arewacin Nijeriya da Nijar. Michael Watts, a littafinsa na 1983, ya nuna yadda harajin kuɗi na Turawa ya tilasta wa manoma sayar da hatsi, rumbuna suka rame tun kafin fari ya iso. Ashe rushewar rumbu ta ci rayuka ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Kammalawa

Wannan tarihi bai tsufa ba. A 2022, da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari, gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi izinin mallakar bindiga, aka yi ta muhawara a kai. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba a ga laifinsa ba in ya yi wannan tunani. Amma ya kamata mu ɗalibai mu tuna wa jama'a cewa abin da ya raya garuruwanmu shekaru aru-aru shi ne tanadin abinci da ruwa, da mai gadi a ƙofa, da labari mai isowa da wuri, da aikin gayya, da shugabanni masu ɗaukar tsaron talaka a wuyansu. Bindigar saye kuwa kullum akwai mai wadda ta fi ta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.